Kansar bakin mahaifa: Gashi na ciki da yadda likitoci ke auna shi kafin a kunna na'ura

Idan likita ya ce za a yi wa mace gashin kansar bakin mahaifa, abin da yawancin dangi ke fahimta shi ne makonni biyar na zuwa asibiti, kullum a kwanta a ƙarƙashin wata babbar na'ura na ƴan mintoci. A kan wannan ake tara kuɗi, a kira ɗa da ke Agadas ko Aljeriya, a kira ƴa da ke aure a Kano ko Kwatano, kowa ya aiko da abin da ya samu. Sai makonnin sun kusa cika, jini ya tsaya, ciwon mara ya lafa, sannan wasu ke jin cewa da sauran aiki: akwai gashi na biyu, wanda ake yi daga cikin mahaifa. A lokacin aljihu ya yi sanyi, marar lafiya kuma tana ganin ta samu sauƙi, sai a fara tunanin komawa gida.

A wajen likitocin kansa, wannan gashi na biyu shi ne rabin maganin. Kuma sakamakonsa ya dogara ne kan wani aiki da marar lafiya ba ta gani da idonta: lissafin inda hasken zai tsaya, daƙiƙa nawa zai yi, da kuma abin da zai kauce wa.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu da kansar bakin mahaifa a duniya, kimanin 350,000 kuma suka rasu, kashi 94 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. A Nijar ita ce ta biyu a tsakanin mata bayan kansar mama, kuma ƙiyasin cibiyar binciken kansa ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ya nuna sama da mata 600 ke kamuwa da ita kowace shekara. Kusan dukkanta ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta.

Idan an gano ta tana ƙarama, tiyata kan wadatar. Amma mata da yawa ba sa isa asibiti sai ƙarin ya girma ya fara cin naman da ke gefen mahaifa. A wannan mataki wuƙa ba ta iya cire shi duka, sai gashi. A shekarar 2021 ne Nijar ta buɗe sashen gashin kansa na farko, a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Kansa, CNLC, da ke Yamai, da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, AIEA. Kafin nan duk mai buƙatar gashi sai ya fita waje. Har yanzu macen da ta taso daga Damagaram tana da tafiyar kusan kilomita 900 a gabanta, ta Maraɗi kuma sama da 600, ga masauki da abinci na kusan wata biyu.

Me ya sa gashi na waje bai isa ba

Kalmar gashi kan tsorata mutane, amma babu wuta a ciki. Haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin zafinsa a lokacin da yake shiga, yana lalata ƙwayoyin kansa har su kasa hayayyafa. Ana auna shi da ma'aunin gire, wanda za ka gani an taƙaita shi Gy a takardun asibiti.

Babbar na'urar nan tana harbo hasken ne daga waje, sai ya ratsa fata, hanji da mafitsara kafin ya kai bakin mahaifa. Shi ya sa ake tsayawa a gire 45 zuwa 50, a rarraba su cikin kwanaki 25 ko fiye da haka kaɗan, tare da ƙarin ruwan maganin sisplatin sau ɗaya a mako, wanda aka fi sani da shimiyo. Idan aka zarce haka sosai, hanji ne zai lalace. To amma ƙarin da ya girma yana buƙatar abin da ya kai gire 85 kafin a sa ran kashe shi gaba ɗaya. Wannan gibi shi ne gashi na ciki ke cikewa.

Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna kiransa kuriterapi, daga sunan Mari Kuri wadda ita da mijinta suka gano sinadarin radiyom a 1898. Masu Ingilishi na cewa birakiterapi, ma'ana gashi daga kusa. Ana shigar da siririn bututu cikin mahaifa, a ɗora zobe ko ƴan ƙwallaye biyu a bakinta, sannan na'ura ta turo wani ɗan ƙarfe mai fitar da haske, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya bi ta cikin bututun.

Sirrin abin yana cikin tazara. Duk lokacin da nisa ya ninka biyu, ƙarfin hasken na raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kamar mai tsire ne: naman da ke bakin garwashi yana gasuwa, mai saye da ke tsaye taku biyu baya ɗumi kawai yake ji. Saboda haka ƙarin da ke manne da bututun yana shan haske mai yawan gaske, mafitsara da dubura da ke ƴan santimitoci kaɗan daga wurin kuma suna shan kaɗan. Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne gire 7 sau huɗu. A lissafin kasuwa 28 ke nan, amma da yake haske mai yawa a lokaci guda ya fi cizo, likitoci na ƙidaya shi kusan 40. Idan aka haɗa da na waje sai a kai wajen 85.

Wannan falala kuma ita ce haɗarinsa. Kuskuren ƴan milimitoci na iya barin gefen ƙarin ba tare da isasshen haske ba, cutar ta dawo, ko kuma ya ƙona bangon mafitsara har a kai ga yoyon fitsari. Tarihin gashi na ciki gaba ɗayansa tarihin neman hanyar auna waɗannan milimitoci ne.

Tsohon ma'auni daga Mancesta

Tun a 1903 wata likita a birnin New York, Margaret Cleaves, ta fara sa radiyom a jikin mai kansar bakin mahaifa. A shekarun da suka biyo baya asibitocin Sitokhom da Paris kowanne ya fito da tsarinsa, inda ake ƙidaya nauyin radiyom da yawan sa'o'in da ya yi a jiki. Wannan yana faɗa wa likita abin da ya saka, amma ba ya faɗa masa abin da naman jikin ya sha.

A 1938, a birnin Mancesta na Ingila wanda matasanmu suka fi sani da ƙwallon ƙafa, likita Margaret Tod da masanin fizik W. J. Meredith suka kawo mafita. Suka zaɓi wani wuri guda a cikin jiki, suka sa masa suna Wurin A: a haura santimita 2 daga bakin mahaifa, sannan a yi gefe santimita 2, dama da hagu. Suka ce a riƙa auna hasken a nan. An yi wa tsarin gyara a 1953, kuma har gobe ana aiki da shi a asibitoci da dama na duniya.

Yadda ake yi shi ne, bayan an saka bututun sai a ɗauki hoton radiyo biyu, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe. A jikin hotunan ake nemo Wurin A da ma'auni. Tun daga 1985 aka ƙara wasu wurare biyu da aka amince da su a duniya, ɗaya na mafitsara, ɗaya na dubura, don a san abin da suka sha. Hasken da ke fitowa yakan yi siffar ɗan gora, faɗi a ƙasa, siriri a sama.

Matsalar ita ce hoton radiyo yana nuna ƙashi da ƙarfe, amma ba ya nuna ƙarin kansa. Wurin A kuwa yana nan a santimita 2 ko ƙarin ƙarami ne ko babba. Riga ce ɗinkin kanti, girma ɗaya ga kowa. Macen da ƙarinta ya motse bayan gashi na waje, rigar ta yi mata yawa, lafiyayyen nama ya sha hasken da bai kamata ba. Wadda nata ya karkata gefe guda ya wuce santimita 2, rigar ta yi mata kaɗan, gefen ƙarin ya tsira.

Ɗinkin tela: lissafi da hoton ciki

A 2005 da 2006 ƙungiyar ƙwararrun gashin kansa ta Turai ta fitar da sababbin ƙa'idoji, waɗanda likitocin birnin Viyana na ƙasar Ostiriya da na Paris suka jagoranta. Maimakon a auna wuri guda, sai a auna ƙarin gaba ɗayansa, kamar yadda tela ke gwada mutum kafin ya yanka yadi.

Bayan an saka bututun, ana shigar da marar lafiya na'urar IRM ko sikana da bututun a jikinta. Hotunan na fitowa yanka-yanka, kowanne kaurin ƴan milimitoci. Likita zai zauna gaban kwamfuta ya zagaye bakin mahaifa da abin da ya rage na ƙarin a kowane yanki, ya kuma zana mafitsara, dubura da hanjin da ke kusa. Daga nan masanin fizik na asibiti ya karɓa. Shi zai tsara wuraren da ɗan ƙarfen nan zai tsaya a cikin bututun, taku-taku na ƴan milimitoci, da daƙiƙoƙin da zai yi a kowane wuri. Inda ƙarin ya yi kauri a daɗe, inda mafitsara ta matso a rage.

Alƙaluma biyu ake dubawa kafin likita ya sa hannu. Na farko, kashi 90 cikin 100 na wurin da aka zagaye ya samu aƙalla gire 85, idan an haɗa gashin waje da na ciki. Na biyu, a duba ɗan yankin mafitsara da na dubura da ya fi shan haske, yanki da bai kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba: na mafitsara kada ya wuce gire 90, na dubura kada ya wuce 75, kuma ana ƙoƙarin tsayawa ƙasa da haka sosai. Idan ƙarin ya yi faɗin da hasken bututun ba zai kai gefensa ba, ana ƙara wasu siraran allurai a soka su cikin naman gefen mahaifa, ɗan ƙarfen ya bi ta cikinsu su ma. Kuma da yake ƙarin na raguwa daga zama zuwa zama, mafitsara da hanji na sauya wuri, ana sake hoton da lissafin duk lokacin da aka sake saka bututun.

An gwada wannan hanya. Wani bincike a asibitocin Faransa da aka wallafa a 2012, kan mata kimanin 700, ya nuna lissafi da hoton ciki ya rage munanan illoli da kusan rabi idan aka kwatanta da hoton radiyo. Babban binciken da ake kira EMBRACE ya bi mata sama da 1,300 a asibitoci 24 na Turai, Asiya da Arewacin Amurka, waɗanda aka yi wa magani tsakanin 2008 da 2015. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna bayan shekara biyar cutar ba ta dawo a bakin mahaifa ba ga kashi 92 cikin 100, har da waɗanda ƙarinsu ya girma. Kashi 74 ne ke raye bayan shekara biyar ɗin, domin akwai waɗanda cutar ta ɓulla musu a wasu sassan jiki.

Inda babu IRM

Na'urar IRM na da tsada, kuma ko inda take akwai layi ya yi tsawo. Shi ya sa likitocin ƙasashen da cutar ta fi yawa suka nemo hanyoyin tsakiya. Asibitin Tata da ke Mumbai a Indiya, wanda ke karɓar dubban masu kansa, ya taka rawa wajen nuna cewa sikana na iya yin aikin idan aka haɗa ta da gwajin hannun likita da zanen ƙarin tun ranar farko. A 2021 ƙungiyoyin ƙwararru na Indiya, Turai da Amurka suka fitar da ƙa'idojin lissafi da sikana tare. Wasu asibitoci kan yi IRM sau ɗaya kawai a zaman farko, sauran su yi da sikana.

Ko eko, irin wanda ake duba mai juna biyu da shi, yana da amfani babba. Ƙarin kan karkatar da hanyar mahaifa, bututun na iya huda bangonta ba tare da likita ya ji ba. Idan ana kallon eko a lokacin sakawa, wannan haɗari na raguwa sosai. A birnin Melbon na Ostireliya an daɗe ana amfani da eko wajen auna kaurin mahaifa don daidaita hasken.

Inda kuma hoton radiyo kaɗai ake da shi, da babu gara ba daɗi. Tsarin Mancesta ya warkar da mata marasa adadi cikin shekara 80 da wani abu. Haɗarin da ya fi kowanne shi ne a bar gashi na ciki ɗungurungum. Wani bincike a Amurka da ya fito a 2013 ya duba mata sama da 7,000. Bayan shekara huɗu, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gashi na ciki suna raye, waɗanda ba a yi wa ba kuma kashi 46 ne.

Agogo na tafiya

Akwai wani ma'auni da ba ya buƙatar kwamfuta, kalanda ce. Daga ranar farko ta gashi na waje zuwa ranar ƙarshe ta gashi na ciki bai kamata a wuce mako takwas ba, wato kwana 56, wasu asibitocin ma kwana 50 suke nema. Ƙwayoyin kansar da suka tsira sukan ƙara saurin hayayyafa a tsakiyar magani, kowace ranar jinkiri tana cin wani abu daga damar warkewa. Wadda ta gama gashi na waje ta koma gida wata biyu ana neman kuɗi, ta yi asarar wani ɓangare na abin da aka riga aka biya.

Na'urar ma tana da nata agogon. Ɗan ƙarfen da aka fi amfani da shi, iridiyom-192, ƙarfinsa na raguwa da rabi duk kwana 74, sai an sauya shi duk wata uku zuwa huɗu, kuma daga ƙetare ake kawo shi da takardun izini na musamman. Jinkirin jirgi ko na kwastan na iya tsayar da aiki. Kobal-60 kuwa sai bayan shekara biyar da ƴan watanni yake raguwa da rabi, shi ya sa ƙasashen da ke nesa da masana'antun suka fi karkata gare shi. Horar da ma'aikata da samar da irin waɗannan na'urori na cikin manufofin shirin faɗaɗa gashin kansa da AIEA ta ƙaddamar a Adis Ababa a watan Fabrairun 2022, kuma Nijar na cikin ƙasashe bakwai na farko da aka sa a ciki.

Abin da marar lafiya za ta gani

Ana saka bututun ne bayan allurar kashe zafi ta baya ko maganin barci, a sa robar fitsari, a cusa bandeji don ya riƙe kayan ya kuma tura mafitsara da dubura nesa. Jiran hoto da lissafi shi ne ya fi ɗaukar lokaci, yakan kai sa'o'i, kuma dole ta kwanta ba motsi. Gashin kansa ƴan mintoci ne. Ma'aikata na fita daga ɗakin, suna kallonta ta kyamara, suna magana da ita. Da an gama ɗan ƙarfen ya koma cikin na'urarsa, babu abin da ke zama a jikinta. Za ta iya ɗaukar jika, ta ci abinci kwano ɗaya da kowa.

Ƴar zubar jini, zafin fitsari ko gudawa na iya biyo baya na ƴan kwanaki. Daga baya farji na iya matsewa, akwai kuma abin da likita ko ungozoma za su koya mata don hana hakan. Gashin mara yana tsayar da al'ada da haihuwa, kuma haƙƙin mace ne a faɗa mata wannan tun kafin a fara.

Tambayoyin da ya kamata dangi su yi

Ko a Yamai ne, ko a Najeriya, Maroko ko Tunisiya, mai biyan kuɗin magani daga nesa yana da damar tambaya, kuma mai tambaya ba ya ɓata. Tun kafin a fara gashi na waje a nemi sani: shin tsarin maganin ya ƙunshi gashi na ciki? A wannan asibiti za a yi shi ko sai an tura wani wuri, kuma an riga an kama rana? Zama nawa ne, kuma kuɗinsa na cikin lissafin da aka bayar? Da wane hoto za a tsara shi, IRM, sikana ko radiyo? Wace rana ce ake sa ran kammala komai, tana cikin mako takwas? Idan za a sauya asibiti, a tafi da takardar da ta nuna yawan giren da aka bayar a gashi na waje da ranakun da aka yi shi, domin a kanta za a ɗora lissafin na ciki.

Duk wannan ɗawainiya tana farawa ne daga cutar da ake iya tarewa. A ranar 17 ga Nuwamban 2020 OMS ta ƙaddamar da shirin kawar da kansar bakin mahaifa, da burin kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na ƴan mata allurar rigakafin HPV kafin su cika shekara 15, a yi wa kashi 70 na mata gwaji, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani. Zubar jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada ko bayan ta ɗauke, da ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, alamu ne da ke buƙatar ganin likita a makon da aka gan su. Ga wadda kuma ta riga ta fara gashi, abin da iyalinta za su yi mata shi ne su tanadi kuɗi da masaukin mako takwas cur, kada a kama hanyar gida sai an yi zaman ƙarshe na gashi na ciki.